Wa Ya Ba Ka Ikon Kulle Mutane Daga Waje?

Duk wanda aka gayyata biki ko walima a ɗaya daga cikin manyan ɗakunan taron da suka cika biranenmu, ina roƙonsa alfarma ɗaya. Kafin ya zauna, ya bar kallon fitilun da ke lilo a rufi, ya bi gefen bango ya nemi ƙofar nan da aka rataya wa koren allo mai hoton mutum yana gudu. Ya duba hannunta. Sau da yawa abin da zai tarar shi ne sarƙa an naɗe, da ƙaton kwaɗo har ya yi tsatsa, a gabanta kuma an jibge kujerun roba da akwatunan lemo. Idan ya zagaya ta baya, wani lokaci can ma akwai wani kwaɗon, ga motar manaja an ajiye ta manne da ƙyauren. Ya tambayi inda makullin yake. Za a ce yana wajen maigadi. Maigadi zai ce yana wajen manaja. Manaja ya fita, wayarsa a kashe.

A cikin ɗakin nan kuwa akwai ɗaruruwan mata da goyo da manyan kaya, ga yara suna ratsa tebura, ga wayoyin wutar da mai kiɗa ya shimfiɗa a ƙasa, ga janareta yana ruri a bayan bango kusa da jarkokin mai, ga tukwanen gas na masu ɗumama abinci. Ƙofa ɗaya ce a buɗe, ita ma an tsuke ta da tebur saboda duba katin gayyata. Wannan ba ɗakin taro ba ne, tarkon ɓera ne da aka yi wa fenti: shiga da sauƙi, fita sai wanda Allah ya nufa.

In ka yi magana, amsar ɗaya ce ko'ina. "Ranka ya daɗe, in ba mu kulle ba 'yan cin arziki za su shigo ta baya, a sace wayoyin baƙi, a kwashe mana kaya." Mai masana'anta zai ce ma'aikata ne ke fitar da kaya ta nan. Shugabar makarantar kwana za ta ce yara ne ke sulalewa da dare. Ban ce ƙarya suke yi ba. Akwai ɓarayi, akwai masu sulalewa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne an daɗe da gama wannan magana, an ƙera maganinta, ana sayar da shi a shagunan kayan gini, amma mu har yau muna kan sarƙa da kwaɗo, muna kuma jin cewa dabara muka yi.

Ƙofar gaggawa fuska biyu gare ta, kuma aikin kowace fuska daban. Ta ciki ana ɗaura wa ƙyauren wani dogon ƙarfe a kwance, daidai ƙugun mutum. Ko da hannu aka danna shi, ko da kafaɗa, ko jama'a ne suka matse ka a jikinsa, harshen makullin zai janye, ƙofa ta wangale zuwa waje. Ba ruwansa da makulli, ba ruwansa da haske, ba sai an koya wa mutum yadda ake yi ba. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 1125, wadda aka yi don wuraren da baƙi ke taruwa, ta ce tsawon ƙarfen ya kai aƙalla kashi 60 cikin 100 na faɗin ƙyauren, don kada mai lalube cikin hayaƙi ya kuskure shi. A Amurka sun ce ƙarfin da ake buƙata a danna shi kada ya wuce na fam 15, wato ƙasa da kilo 7, abin da tsohuwa ko ɗan firamare zai iya. Akwai kuma EN 179, ta ofisoshi da ƙananan wuraren aiki inda mutanen ciki suka san ginin, wadda ta yarda da hannun ƙofa ko ɗan faifan da ake dannawa.

Ta waje, asalin ƙyauren sumul yake, babu abin da ɓarawo zai kama. Amma idan ana bukatar a riƙa shiga ta nan, sai a ƙara masa hannu na waje mai gidan makulli. Wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu ne ke ratsa ƙyauren ya haɗa hannun da na'urar ciki. Mai makulli ya murɗa, ƙofa ta buɗe. Wanda ba shi da makulli ya kwana yana murɗa hannun, a wani samfurin ma hannun juyawa kawai zai yi ta yi a banza. Akwai wanda da zarar ka zare makulli ƙofar ta koma a kulle da kanta, akwai wanda ake iya bari a buɗe da rana a kulle da dare, akwai mai lambobin da ake dannawa. Abu ɗaya ya haɗa su duka, kuma shi ne gaba ɗaya hikimar: kulle hannun waje ba ya taɓa ƙarfen ciki ko kaɗan. Na waje yana iya samun ikon shiga ko ya rasa shi, amma ba ya taɓa samun ikon hana na ciki fita. Kwaɗo kuwa duka biyun yake kashewa a lokaci guda. Na ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga ceto, sai an samo mutum ɗaya da ɗan ƙarfen da ke aljihunsa.

Kada wani ya ɗauka Turawa sun ƙera wannan abu ne don gayu. Da gawarwakin 'ya'yansu suka saye shi. A ranar 16 ga Yuni, 1883, aka tara yara a wani ɗakin wasa mai suna Victoria Hall a garin Sunderland na Ingila. Da aka gama wasa sai aka ce za a raba kyaututtuka. Yaran da ke saman bene suka kwararo ta matakala. A ƙasan matakalar akwai ƙofa mai buɗewa ciki, an saka mata sakata ta yadda yaro ɗaya ne kawai zai iya wucewa a lokaci guda. Na gaba suka maƙale, na baya ba su sani ba, suka ci gaba da turowa. Yara 183 suka mutu, babu wuta, babu hayaƙi. Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe: manyan da suka rugo ceto sun iso ƙofar, amma suka kasa buɗe ta, domin sakatar tana ɓangaren yaran, inda jikkuna suka danne ta. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zaro yara ta 'yar kafar nan, har sai da wani ya fizge ƙyauren daga mazauninsa. Ƙofa ɗaya ta ci amanar ɓangarorin biyu. Bayan wannan ne aka fara tilasta wa wuraren taruwar jama'a a can ƙofofi masu buɗewa waje, wani mai suna Robert Alexander Briggs kuma ya yi rajistar sakatar da ke sakin kanta idan an tura ta a 1892.

Amurkawa sai da suka ga nasu. A ƙarshen Disamba 1903 gidan wasan Iroquois da ke Chicago ya kama da wuta, mutum wajen 600 suka halaka, da yawansu a bakin ƙofofin da ba su san yadda ake buɗe makullansu ba. Wani mai sayar da kayan ƙarfe, Carl Prinzler, ya haɗa kai da maƙwabcinsa injiniya Henry DuPont, zuwa 1908 suka fito da ƙarfen turawan da har yau ake sayarwa da sunan Von Duprin. A lissafa: 1908. Ko haɗe Kudu da Arewacin Nijeriya ba a yi ba tukuna.

Uzurin ɓarayi kuma ba mu muka ƙirƙire shi ba, tsoho ne, kuma hannunsa jina-jina yake. A Maris 1911, a masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle da ke New York, an kulle ƙofa don kada 'yan mata masu ɗinki su fita da ƙyalle. Mutum 146 suka mutu, wasu ta hanyar faɗowa daga hawa na tara. Kotu ta wanke masu kamfanin. Shekara biyu bayan haka aka sake kama ɗayansu, Max Blanck, ya kulle ƙofa da ma'aikata a ciki, aka ci shi tarar dala 20. A Agustan 2004, a babban kantin Ycuá Bolaños da ke Asunción ta ƙasar Paraguay, wuta ta tashi, aka rufe ƙofofi don kada masu sayayya su gudu da kaya ba su biya ba, kusan mutum 400 suka tafi. A Satumban 2012 masana'antar tufafi ta Ali Enterprises a Karachi ta cinye fiye da ma'aikata 250, ƙofofi a kulle, tagogi da ƙarafa. A nan gida ma, a Satumban 2002, gomman ma'aikatan dare sun ƙone a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, waɗanda suka tsira kuma suka shaida cewa kulle su ake yi a ciki.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na garin Hamlet a jihar North Carolina ta Amurka, ranar 3 ga Satumba, 1991. Masana'antar sarrafa naman kaji ce. Bututun mai ya fashe kusa da katafaren kaskon suya, wuta ta tashi, baƙin hayaƙi ya cika wurin. Ma'aikata suka ruga ƙofofi suka tarar da kwaɗo, domin mai kamfanin, Emmett Roe, yana zargin ana sace masa kaji. Mutum 25 suka mutu. Da aka kashe wutar, an ga sawun takalma a jikin wani ƙyaure inda mutane suka yi ta dukansa da ƙafa. Mutanen da ke waje suna jin ihunsu da bugun ƙofa. Shekara 11 masana'antar tana aiki, jami'an kula da lafiyar ma'aikata na jihar ba su taɓa leƙa ta ba. An yanke wa mai kamfanin ɗaurin kusan shekara 20, ya yi wajen huɗu ya fito. Kaji nawa aka taɓa sace masa? Ko nawa ne, da ƙarfen turawa mai ƙararrawa da hannun waje mai makulli sun tsare masa su, domin duk wanda ya tura ƙofar da kaza a riga, ƙara za ta tona shi.

To, me ya sa ake bukatar hanyar buɗewa daga waje tunda na ciki yana iya fita da kansa? Saboda ba kowa ne ke isa ƙofar ba. Hayaƙi ne ke kashe yawancin waɗanda gobara ke kashewa, kuma yana kayar da mutum tun kafin harshen wuta ya taɓa shi. Akwai mai barci, akwai gurgu, akwai majinyacin da ke kan gado da ƙarin ruwa a hannu, akwai jaririn da ba ya tafiya. Waɗannan sai an shiga an ɗauko su. Gaskiya ne 'yan kwana-kwana suna da kayan ɓalle ƙofa, fitaccen cikinsu shi ne ƙarfen da wani jami'in kashe gobara na New York, Hugh Halligan, ya ƙera a 1948. Amma ɓalle ƙofar ƙarfe lokaci take ci, ga shi kuma ƙofar da aka ɓalle ba ta sake rufuwa, iska ta samu hanyar shiga ta hura wutar. Shi ya sa a garuruwa da yawa na Amurka ake manna wani ɗan akwatin ƙarfe a bangon waje, wanda aka fi sani da Knox Box, a zuba makullan ginin a ciki, makullin akwatin kuma yana hannun hukumar kashe gobara ta yankin. Su iso, su buɗe akwati, su ɗauki makulli, su shiga.

Akwai ma inda rashin hannun ɗaya ɓangaren shi kaɗai ya yi kisa. A Oktoban 2003 wuta ta tashi a hawa na 12 na ginin ofisoshin gundumar Cook a Chicago. Ma'aikata suka bi matakalar gaggawa suna sauka, hayaƙi ya tare su, suka juya sama suna neman komawa cikin kowane hawa. Ƙofofin sun kulle kansu a bayansu, babu yadda za a buɗe daga ɓangaren matakala. Mutum shida suka mutu a nan, a cikin hanyar da aka gina don tsira.

Na san akwatin Amurka ba zai dasu a kowane garinmu yadda yake a can ba. A wurare da yawa ofishin kashe gobara yana da nisa, hanya cunkushe, kafin mota ta iso an yi abin da za a yi. A wajenmu maƙwabta ne 'yan kwana-kwanan farko: matasan unguwa da bokitai, da mai gatari, da mai diga, da wanda ya ruga ya taso mai walda. Wannan kuwa shi ya ƙara sa maganar makullin waje ta fi zama dole a kanmu. Idan maƙwabci ne zai cece ka, to makulli ya kasance inda hannu zai kai gare shi cikin duhu: ɗaya a ɗakin maigadi a rataye a ƙusa, ba a aljihunsa ba, ɗaya a gidan ma'aikaci mafi kusa, ɗaya a akwati mai gilashin da ake fasawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba a kuma neman lambar manaja lokacin da rufi ke ɗiga wuta.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi komai tayar mini da hankali, wanda kusan kowace ƙofar ƙarfe da mai walda ya yi mana tana da shi: kunnuwan ƙarfen nan biyu da ake liƙawa ta waje don rataya kwaɗo, ko doguwar sakatar waje. Mun saba da su har ba ma ganinsu. Amma ma'anarsu ita ce duk wanda ya zo wucewa da kwaɗo, ko da guntun ƙarfe, ko da igiya ma, ya mallaki ran duk wanda ke ciki. Wanda ke ganin zuzutawa nake yi ya tuna da asubahin 15 ga Mayu, 2024, a ƙauyen Larabar Abasawa da ke ƙaramar hukumar Gezawa a jihar Kano. Mutane suna cikin salla, wani ya watsa fetur, ya cinna wuta, ya rufe su a cikin masallaci, a kan rigimar gado. Sai da jama'a suka ɓalle ƙofa. Fiye da mutum 20 suka rasu a kwanakin da suka biyo baya. Laifin na mai laifi ne, kotu kuma ta yanke masa hukunci. Amma bayan an gama ta'aziyya, masallatai nawa ne kwamitinsu ya zagaya ya dubi ƙofarsa ta waje ya tambayi kansa: shin wani zai iya rufe mu a ciki? Masallatai nawa ne ƙyaurensu ke buɗewa waje?

Makarantun kwana su ne suka fi ban tsoro, domin a can ba mugu ne ke rufe ƙofar ba, mai kula da yaran ne, da kyakkyawar niyya, kowane dare. A ƙirga yara, a kashe fitila, a ja ƙofa, a danna kwaɗo ta waje, a tafi gida da makulli. Tagogi duk an yi musu ƙarafa. A ciki akwai katifun soso, da gidajen sauro, da akwatuna, da maganin sauro mai hayaƙi, da wadda ta ɓoye kyandir don karatun jarrabawa. Kenya ta ga ƙarshen wannan a Maris 2001, a sakandaren Kyanguli da ke Machakos, inda ɗalibai 67 suka ƙone a ɗakin kwanan da ɗaya daga ƙofofinsa ke kulle, tagoginsa kuma da ƙarafa. Kundin ƙa'idojin tsaron makarantu da ma'aikatar iliminsu ta fitar a 2008 ya ce ƙofofin ɗakin kwana su buɗe waje, kada a taɓa kulle su ta waje da ɗalibai a ciki, tagogi kuma kada a yi musu ƙarafa. Gobarar dare a ɗakin kwanan yara ba baƙuwarmu ba ce mu ma. 'Yan mata bakwai sun rasu a sakandaren Jogana a Kano a Nuwamban 2015. Almajirai 17 sun rasu a Ƙauran Namoda a Fabrairun 2025. Gemun maƙwabci ya daɗe da kamawa, namu ma ya kama, har yanzu ba mu shafa ruwa ba.

Nan ne za a taso mini da magana mai nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Za a ce: kai da kake rubutu a kan kujera, ka manta da Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021? A ƙasar da 'yan bindiga ke kwasar ɗalibai da dare, kana cewa a cire kwaɗo? Eh, haka nake cewa, kuma saboda 'yan bindigar ma nake faɗa. Kwaɗon waje bai taɓa hana mai bindiga shiga ba. Yana ɓangarensa, a gabansa, harsashi ɗaya ko guduma ɗaya ya ishe shi. Waɗanda kwaɗon yake tsarewa su ne yaran, ya tara masa su wuri ɗaya, ya hana su tserewa ta ƙofar baya su faɗa daji lokacin da suka ji harbi a ƙofar gaba. Ƙofar ƙarfe mai ƙarfen turawa, wadda sakatunta ke shiga sama da ƙasa, ba ta da komai a waje sai ramin makulli, ta fi wahalar ɓallewa nesa ba kusa ba. Yaron da ke sulalewa kuma, ƙararrawar da ke kan ƙofar ta ishe shi, tare da babban mutum da ke kwana a cikin ɗakin ko a jikinsa. In makaranta ba za ta iya biyan wanda zai kwana da yaran mutane ba, to ba ta isa ta riƙe yaran mutane da dare ba. Kwaɗo ba ya zama uwar ɗaki.

Sai masu cewa tsada. Alhaji, ka shimfiɗa tayil ɗin waje, ka rataya fitilun da aka yo oda, ka sa na'urar sanyaya ɗaki a kowace kusurwa, ka yi wa ƙofar shiga ado da gilashi, sai a kan ƙarfen ƙofar baya ne kuɗi suka ƙare? Kuɗin hayar ɗakin na 'yan bukukuwa kaɗan zai sa wa duk ƙofofinka. Wanda ma da gaske ba shi da hali, kamar ƙaramar Islamiyya ko masallacin unguwa, akwai makullin da ake buɗewa da makulli ta waje, ta ciki kuma ɗan maɓalli ne kawai ake murɗawa da yatsa. Bai kai ƙarfen turawa ba, bai kuma isa ga ɗakin da ɗaruruwa ke taruwa ba, amma ya bi ƙa'idar: na ciki ya fita ba tare da neman kowa ba, na waje mai izini ya shiga.

Waɗanda suka sayi na'urar ma ban sallame su ba, domin mun iya lalata abu mai kyau. Za ka ga ƙarfen turawa sabo fil, an naɗe shi da sarƙa. Za ka ga an ƙara sakata a sama inda yaro ba ya kaiwa, "don ƙarin tsaro". Za ka ga an sayo hannun waje na wani kamfani an cusa wa na'urar wani kamfanin, an kira kafinta ya daddatse har ya shiga, ranar da ake bukata ya cije. Za ka ga jabun kaya marasa lambar gwaji, waɗanda damina ɗaya ke cinyewa. Wasu da zarar sun sa hannun waje sai ƙofar gaggawa ta zama hanyar shigo da buhuna, a tokare ta da bulo, a cika lungun da kaya. Wasu kuma sun ci gaba, sun sa makullin lantarki mai kati, ba su tambayi mai sakawa abin da zai faru idan aka ɗauke wuta ba, a ƙasar da ɗauke wuta ya fi kawo ta yawa, alhali gobara ma wayoyin wuta take fara ci. Makullin maganaɗisu da ke kan hanyar fita dole ne ya saki kansa idan wuta ta yanke. Idan mai saka maka bai iya amsa wannan tambayar ba, ka sallame shi. Ƙofa kuma ana gwada ta, a tura ta ciki, a murɗa makulli ta waje, a ɗiga mata mai, ba sai ranar da hayaƙi ya tashi ba.

Kada kuma a ce babu doka. Dokar Masana'antu ta 1987 ta hana a kulle ƙofar masana'anta ta yadda ba za a iya buɗe ta nan take daga ciki ba matuƙar akwai ma'aikata a ciki. Muna da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. Muna da hukumomin tsara birane masu sa hannu a zanen gini, da hukumomin kashe gobara masu ba da takardar shaida, da masu duba makarantu. Takardu ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ya yi kaɗan shi ne jami'in da zai tashi daga ofishin mai gini, ya zagaya baya da ƙafarsa, ya tura ƙofa da hannunsa, in ta ƙi buɗewa ya rufe wurin a ranar, ko na wane ne. Abin da muka ƙware a kai shi ne ihu bayan hari: ziyarar jaje, kwamitin bincike, buhunan shinkafa, alkawarin ba za a sake ba.

Daga nan sai a rufe bakin kowa da cewa ƙaddara ce, kwanansu ne ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara, kuma babu mai wuce ajalinsa. Amma ina da tambaya ga mai kwaɗon. Da za ka tsare kujerunka da buhunanka, ba ka bar su ga ƙaddara ba. Ka je kasuwa, ka zaɓi kwaɗo mafi kauri, ka biya, ka ɗauki maigadi, ka yi wa taga ƙarafa. Dukiyarka ka yi mata sababi, ran 'ya'yan mutane ne kawai ka ga ya dace a bar wa ƙaddara? Wannan ba tawakkali ba ne, son kai ne da ya ari rigar addini, kuma ya kamata malamanmu su faɗe shi a kan mumbari da sunansa.

Abin da nake nema a wajen majalisun jihohi ba shi da yawa. Kada a ba ɗakin taro, ko otal, ko asibiti, ko makarantar kwana, ko masana'anta izinin aiki sai an ga ƙofofin gaggawa masu buɗewa waje, da ƙarfen turawa ta ciki, da hannun makulli ta waje, an kuma rubuta inda makullan suke. A mai da rataya kwaɗo a irin wannan ƙofa da mutane a ciki laifin da ake gurfanar da mutum a kansa ko da wuta ba ta tashi ba. Kamfanonin inshora su daina karɓar ginin da ba a gwada ƙofofinsa ba. Masu koyar da walda da kafinta su koya wa yaransu cewa ƙofar ɗakin da jama'a ke kwana ko taruwa ba a yi mata kunnen kwaɗo ta waje.

Kafin majalisa ta farka, iyaye ba sai sun jira kowa ba. Ranar ziyara, bayan an miƙa garin kwaki da sabulu, uba ko uwa su ce a nuna musu ɗakin da 'yarsu ke kwana, su tsaya ta waje su dubi ƙyauren. In sun ga kunnen kwaɗo, su tambayi wa ke rufewa, ƙarfe nawa, ina yake kwana, makulli nawa ne. Mai kama ɗakin biki ya ce a buɗe masa ƙofar baya a gabansa kafin ya biya ko sisi, ya kuma sa a yarjejeniya cewa babu sarƙa a kanta har baƙo na ƙarshe ya fita. Idan shugaban makaranta ya ce sai an rubuta wa ma'aikatar ilimi an jira amsa, ƙungiyar iyaye da malamai ta kira mai walda da injin yankansa a ranar, a yanke kunnuwan, a sa makulli mai buɗewa ta ciki, ta biya daga aljihunta, a rubuta takardar daga baya.